Gammon Gwaggo Nabbosa

Yozefina Nabbosa ba ta haihu ba, amma 'yan'uwanta maza shida ne, 'ya'yansu mata kuwa nata ne. A ƙauyukan Masaka, can kudu da Kampala, gwaggo ce take koya wa yarinya zaman aure, ita ce kuma take durƙusawa gaban iyaye ranar gabatar da ango, ta ce ga wanda 'yarku ta zaɓa. Nabbosa ta yi wannan aiki sau goma sha huɗu, babu wanda ya taɓa jin tabarma ta yi motsi a ƙarƙashinta.

Dokarta ɗaya ce. A sauka bisa gwiwa biyu lokaci guda, baya a miƙe, a kuma tashi ba tare da an dafa ƙasa ba. Hannu na miƙa ƙwarya ne, in ji ta. Yarinyar da ta dafa, sai ta ji tsumagiyar ganyen ayaba a bayan hannu.

A farkon watan Afrilu na 1967, da ruwa ya ɗauke, ta ɗauko nonon ayaba daga gona, santsi ya kwashe ta. Ƙafar hagu ta maƙale a saiwa, jiki ya juya, ta ji abu ya ce ɓas a gwiwa. Maɗorin ƙauye ya ɗaure ƙafar da karare, ya hana ta motsi mako bakwai. Da aka kwance, kumburi ya saɓe, amma ƙafar ta zama taɓarya. Ga shi an sa ranar gabatar da angon Nalwanga, autar wanta Bbosa, Asabar ta biyu a watan Agusta.

Bbosa ya ba da shawara a ajiye mata kujera. Ta tambaye shi ko ya taɓa ganin gwaggo a kujera, surukai na kallon tafin ƙafarta. Ya ce to a kira ƙanwarsu ta Kampala ta tsaya a madadinta. Washegari Nabbosa ta sa aka ɗora ta a bayan keke zuwa asibitin mishan.

A ɗakin gashin ƙashi ta sami ma'aikacin wurin, Lubwama, mutum mai haƙuri sanye da farar riga. Ya kama ƙwaurin, ya ja gaba, ya karkata shi gefe. Ya ce jijiyar da ke riƙe gwiwa ta ciki ce ta yage, kuma ta riga ta haɗe. Zaman da aka yi ne ya sandarar da gaɓar, ya shanye naman cinya. Ya koya mata jan diddige a kan tabarma, da ɗaga ƙafa da jakar yashi a idon sawu, sau talatin safe da yamma.

"Ni durƙuso na zo nema, ɗan nan, ba rawa ba," ta ce.

"Mama, 'yan mata nawa kika ce wa haƙuri shi ne aure? Yau ki ɗanɗana miyarki."

Sai da aka yi wata guda ya yarda ta sa gwiwa a ƙasa, shi ma da sharaɗi. Ya sa ta naɗo gammo shida na busasshen ganyen ayaba, irin wanda take ɗaukar kaya da shi. Ta jera su a kan diddigenta ta zauna a kai, don kada gwiwar ta lanƙwashe fiye da ƙarfinta. Duk Litinin, in babu kumburi, a cire ɗaya. Wata Laraba ta yi gaggawa ta cire biyu, gwiwar ta tashi kamar gwanda. Lubwama bai yi faɗa ba, ya dai mayar mata da uku.

Ranar ta zo da sauran gammo ɗaya. Nalwanga ce ta ɗinke shi a cikin faffaɗar rigar gwaggonta, ba wanda ya sani. Nabbosa ta fito da amarya da ƙawayenta, ta sauka a hankali gaban iyaye, ta yi gaisuwar nan mai tsawo, ta nuna angon.

Tashi ne ya gagara. Ta gwada sau ɗaya, cinyar ta ƙi. Rumfa ta yi tsit, 'yan matan suna durƙushe suna jiranta, domin ba a riga gwaggo miƙewa. Tana kallon tabarma, ta san babu hanya sai hannu.

Sai Nalwanga ta miƙa tafinta ta dafa ƙasa, a fili, kowa na gani. Ƙawayenta tara suka dafa. Nabbosa ta dafa, ta miƙe tare da su. Surukan daga wata gunduma suka zo, sun ɗauka tarbiyyar gidan ce, har kakakinsu ya yaba.

A bayan ɗaki Nabbosa ta kama hannun amarya ta juya shi.

"Wa ya koya miki wannan, marar kunya?"

"Kawo tsumagiyar, Gwaggo, ga hannun."

Nabbosa ta ci gaba da ɗaga jakar yashi har Kirsimeti, ta kuma gabatar da wasu angwaye biyar kafin rasuwarta. Tsumagiyar dai ba a sake ganinta ba.