Ranar da na ɗauka an tafi da Mama an bar ni

Shekarun baya, ina ajin farko a jami'a, kaina ya kumbura da boko. Mu Kirista ne, kuma mahaifiyata ba ta da zance sai na ranar ƙarshe: za a busa ƙaho, ƙasa ta girgiza, a fyauce masu bi a bar sauran. Ni kuwa dariya nake mata. "Haba Mama, tun kakanninmu ake cewa gobe ne, goben nan ba ta gaji ba?" Sai ta ce, "Ki dai yi ta yi, 'yar boko."

Wani hutu na je Kalambaina, inda ta koma zama wurin yayana da ke aiki a kamfanin siminti. Zuwana na farko ke nan. Da hantsi ina banɗaki, kaina duk kumfa, Mama na tuƙa tuwo a tsakar gida tana waƙar coci. Kwatsam wata ƙara doguwa ta tashi, wuuuu, kamar daga sama. Waƙar ta tsaya. Can sai gim! Ƙasa ta motsa a ƙarƙashin ƙafata, bokiti ya tuntsure.

Na fito da zane a karkace, sabulu na cin idona. Ba kowa. Ga tuwo a wuta yana tafasa, muciya tsaye a ciki. Ga silifas ɗin Mama a gefen murhu, ɗankwalinta a ƙasa. Na kira ta har muryata ta dushe, ko tari ban ji ba.

Jama'a, ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Bokon nan duk ya gudu ya bar ni. Ba wutar jahannama ce ta fara zo mini a rai ba, a'a, cewa an tafi da Mama, kuma maganata ta ƙarshe da ita gori ce. Na zube a gaban murhu na rungume silifas ina ihu, "Yesu, ka dawo mini da ita!"

A haka suka shigo suka same ni, Mama da maƙwabciyarmu, matar wani mahauci. Matar ta riƙe baki ta ce, "Subhanallahi! Mi ya samu ɗiyar ga? Dutsi na fa aka fasawa!" Ashe jiniya ake busawa kafin a fasa dutsen siminti, su kuma matan layin sun saba fita fili da gudu don tsoron kada katanga ta faɗo musu. Mama ta manta akwai baƙuwa a banɗaki.

Kowa ya sha dariya ban da Mama. Ta share mini kumfar ta ce, "Ina zan je in bar ki?"

Har yau ban san yaushe duniya za ta tashi ba, kuma na daina musu a kai. Mama dai ta rasu bara, da rana tsaka, ba ƙaho ba girgiza. Silifas ɗinta na nan a bakin ƙofata, na kasa ɗauke su.