Ɗan Iyon Baba

Shekarar da rijiyar masallacinmu ta rufta, ita ce shekarar da akuyar Inna ta ture ma'aunin Baba ya fashe. Ina tsugune ina tace ruwan saman da muka tara wa batira tun damina, sai na ji ƙarar gilashi. Baba bai ko daki akuyar ba. 

Sana'arsa cajin batiran motoci ce, a wata rumfa a ƙofar gidanmu. Duk rigunanmu a huje suke saboda ruwan batir, warinsa kuma yana bin mu har filin langa. Ma'aunin bututun gilashi ne mai kan roba. In an matsa robar sai ya zuƙo ruwan batirin, wata 'yar kwalba a ciki ta taso. Ita Baba yake kira ɗan iyo. Bai iya karanta lambobin jikinta ba, launi yake dubawa: in ta taso zuwa kore batir ya ƙoshi, in ta nutse zuwa ja da saura. Sabon ma'auni kuwa sai a Kano.

Kwanakin da suka biyo baya Baba ya rage magana. Batira suna tafasa a jere, ba mai faɗa masa cikinsu. Ana haka aka loda tumatirin fadamar unguwarmu, har da namu, a motar Ɗanlami direba, mota ta ƙi tashi. Aka kawo batirin caji. Rana ta take, ruwan tumatir ya fara ɗiga daga kwanduna, ƙudaje suka taru, manoma suka cika rumfar.

"Haba Mai Caji, ɗana masa waya mana! In ya yi tartsatsi ai ya ƙoshi," in ji Ɗanlami.

"Batirin da ke tafasa ba a nuna masa wuta."

"To tumatir ne zai jira ɗan iyonka ya dawo daga Kano? Ko miya za mu kai Legas?"

Aka yi dariya. Baba ya dubi manoman ɗaya bayan ɗaya, duk maƙwabtansa ne. Ya ce da ni, "Kai, shiga gida." Ya ɗauki guntun waya. Ban kai zaure ba na ji ƙarar fashewar batirin.

Yanzu tuƙi nake yi a Doha, inda zafi ke kashe batir ba sallama. A garejinmu na Al Wukair batiran a rufe suke ruf, makanike ya maƙala na'ura, lamba ta fito, ya ce, "Kalas, ya ƙare, canza." Bana na fara iya karanta lambar da kaina. Duk da haka, in aka ɗaga murfin mota sai na ja da baya, ina neman kore da ja.

A yinin da batirin nan ya fashe mun rasa idon Baba na dama, da rabin na hagu, da rumfar, da tumatirin unguwa guda. Na rasa makaranta, domin daga ranar ni ne mai riƙe masa hannu.