Turaren Wuta a Ɗakin Gwaji

Har na bar aiki ban manta da ranar da masu duba darasi suka zo mana ba, cikin damina ta 1986. Lokacin ina ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje a wata kwalejin fasaha da ke nan kudancin garin Kaduna. Aikina jera kaya kafin darasi, da gogewa, da kullewa. Malamin da nake yi wa aiki shi ne Mista Yohanna, mutumin Kudancin Jihar Kaduna, yana zaune a unguwar Television. Bai cika shekara biyu da fara koyarwa ba, don haka ba a tabbatar masa da aiki ba tukuna. A ƙa'ida, sai manya sun zauna sun ga darasinsa, sannan a tabbatar ko a sallama.

Ya zaɓi ya nuna musu na'urorin leza biyu da aka kawo mana. Kowace kamar gorar ruwa take, tana fitar da jan haske siriri kamar zare. So yake ya gitta hasken biyu ɗalibai su ga abin da zai faru. Matsalar ita ce, ba a ganin hasken a iska, sai ɗigonsa a bango. Dole a sami abin da zai tare shi a hanya. A wasu makarantu ƙurar alli ake kaɗawa, amma shugaban sashe ya hana, don tana zama a kan gilashin na'urar. Muka gwada hayaƙin igiyar leƙo, maganin sauro, tari ya kore mu waje.

"Malam Idi, ko za ka fara shan taba yau, mu sami hayaƙi?" in ji Mista Yohanna.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a tsufana?"

Ya yi dariya, amma na ga hankalinsa ba a kwance yake ba. Yana da mata da 'ya'ya uku a gidan haya.

Wata guda kafin nan ne matata Binta ta rasu, Allah ya jiƙanta. Turaren wuta take haɗawa tana sayarwa a unguwarmu Makera, ta kuma bar kwalba ɗaya da ba ta cika ba. Ban iya buɗe ta a gida ba. Da na so, da na sayi na kasuwa. Amma da safe nata na ɗauka, da kaskonta, na ɗaure a bayan keke.

Aka sauke baƙaƙen labule. Masu dubawa uku suka zauna a gaba, ɗalibai a baya. Na gargaɗi kowa kada ya sa ido a bakin na'ura, na hura gawayi, na zuba turaren. Hayaƙi na tashi, sai ga zare biyu ja sun fito sarai, sun gitta juna a tsakiyar ɗaki.

Mista Yohanna ya sa na yi alama a inda kowane ɗigo ya sauka a bango. Ya kashe ɗaya. Ɗigon ɗayan bai motsa ba, bai rage haske ba. Ya kunna, haka nan.

Wata ɗaliba ta ce, "Malam, ai inda suka haɗu ya fi haske. Ba karo suka yi ba?"

Ya ce, "A'a. Hayaƙin wurin ne ke samun haske daga ɓangare biyu. Ruwan famfo biyu in sun haɗu, fantsama suke. Ƙwayoyin haske, waɗanda muke kira foton, ba sa ture juna. Kowanne ratsawa yake ya wuce inda za shi."

Babban mai dubawa ya nemi ƙarin hayaƙi don ya gani da kyau. Na duba kwalbar, na juye sauran duka. Ina tsugune a gefen kasko, ƙamshin ya cika ɗakin kamar ɗakinta ranar Juma'a. Na gode wa Allah da ɗakin yake da duhu, ba mai ganin fuskata.

Da aka gama, babban ya miƙa wa Mista Yohanna hannu ya ce ya ci gaba da haka. Kowa ya san ma'anar wannan. Suka fita.

Dokar ɗakin ita ce a buɗe tagogi da zarar an gama. Na miƙe zan buɗe, sai Mista Yohanna ya dubi kwalbar. Dama ya zo min gaisuwar rasuwar a Makera, ya san sana'arta.

"Na Madam ne?"

Na ce, "Nata ne."

"Saura fa?"

"Shi ke nan."

Ya sake duban kwalbar. Sannan ya ce, "Bar tagogin. Ba darasi a nan sai gobe." Ya ajiye mini makulli a kan tebur, ya ja ƙofa a hankali. Na ji shi a waje yana ce wa masinja kada kowa ya shiga, ana aiki.

Na zauna har gawayin ya mutu.

Ku da kuke wannan aiki yanzu, za a koya muku dokokin ɗakin gwaji, kuma ku kiyaye su, don ido da kaya ake karewa. Ni dai a shekarun da na yi, sau ɗaya na ga malami ya karya doka da gangan, kuma shi ne wanda har yau nake tambayar lafiyar iyalinsa.