Irin Albasar Baba

Sati uku ke nan ina ban ruwa, ko tsiro ɗaya ban gani ba.

Irin albasar Baba ne, na fadamarmu ta Kazage. Bayan rasuwarsa 'yan bindiga suka hana mu zuwa gonar, sai na adana shi a kwalba har shekara uku. Bana da shigowar sanyi na yafa shi a bayan gida.

Jiya Gwaggo ta leƙa ta ce, "'Yar boko, irin albasa ba ya wuce shekara. Da kin ba maƙwabta sun shuka, da yanzu kin samu a hannunsu."

Sun roƙa kuwa, na hana. Wai ina tattalin gado.

Ku fa, me kuka taɓa ɓoyewa har ya mutu a hannunku?