Inji Mai Tabo da Ƙafar Yayana

Mun tashi da asuba daga Wagini, ni da yayana, a cikin tsohuwar motarsa ta ɗaukar kaya, tana tari muna salati. Masu tambayata inda na shige makon jiya har na bar shagona a rufe, ga amsarku: Safana muka je sauya wa motar inji. Ni ban iya tuƙi ba, ban kuma san sifana daga filaya ba. An tafi da ni ne saboda na iya ciniki, kuma bakina ba ya gajiya.

Motar nan ita ke ci da gidanmu. Ita ke kai wake da dawar mutanen ƙauye kasuwa, ita ke kawo mana gishiri da kananzir. To injinta na fetur ya tsufa, yana shan baƙin mai kamar yadda yake shan fetur, in kuma aka yi mata lodi ba ta iya fita daga yashin rafi sai fasinja sun sauka sun tura. Da Yaya ya ji labarin kamfanin da ke aikin hanya a wajen Safana zai tashi, yana sayar da injin wata motarsa da ta kife, sai ya kai shanun huɗarsa biyu kasuwa. Ke nan in injin nan bai yi ba, babu shanu, babu mota, ga shi ana ta sussukar wake. Wannan tunanin ne ya hana ni zama da kyau a kujera tun daga bakin gari.

Kafin mu yi nisa bari in gaya muku wata ɗabi'a ta Yaya, don ita ce ta kusa kashe mu. Duk inda ya tsaya, kafin ya kashe mota sai ya taka totur sau uku, na ƙarshen ya fi ƙarfi, a tsakiyar rurin ne yake murɗe makulli. Direbobinmu suna cewa hakan na cika batir, yana kuma bar wa kafireto mai don tashin safe. Amma a ƙofar gidanmu rurin nan na Inna ne. Yaya ɗan fari ne, saboda haka Inna ba ta faɗin sunansa, ba ta tambayar inda ya tafi, ba ta ma kallonsa ido da ido. In ta ji rurin sai ta ce, ba tare da ta ɗaga kai ba, "A kai ruwa waje." Iyakar hirarsu ke nan, kuma ta ishe su.

A Batsari muka fara tsayawa, muka ɗauki makanikin da zai yi aikin. Garin ya sauya ƙwarai tun da kuɗin mai suka fara zubowa. Gidajen kwano sun yi yawa, kowane saurayi da sabon babur ko rediyo a kafaɗa, ƙosan da nake saye na sule ɗaya in ƙoshi yanzu sai na ninka. Muna shan koko a tasha wani dattijo abokin marigayi babanmu ya tambayi irin injin da za mu sayo. Makaniki ya ce mai tabo ne, don haka bakinmu ke faɗin sunan da Turawa suka ba abin. Dattijon ya ajiye ludayi ya dubi Yaya.

"Ka sai da shanu lafiyayyu, ka sawo abu mai tabo? Mi ya same ka, yaro?"

Muka yi ta bayani cewa wannan tabon ba na rauni ba ne, wata na'ura ce mai ƙara wa inji ƙarfi. Bai yarda ba. Har muka tashi yana cewa ko akuya ce in tana da tabo ragi ake yi. Kowa ya yi dariya, ni dai tawa ba ta wuce leɓe ba.

Hanyar Runka ba hanya ba ce, haƙuri ce. Inda babu gargada akwai yashi, inda babu yashi akwai shanu sun tare gaba, makiyayin yana tafe a bayansu kamar shi ya shimfiɗa ta. A rafin da ke kafin gari motar ta nutse ba ko buhu ɗaya a bayanta, muka sauka ni da makaniki muka tura har rigata ta manne da bayana. A Runka muka sha fura da nono wajen wata Bafulatana mai hannun kyauta, damunta har da kanumfari. Ban ji daɗinta yadda ya kamata ba, don idona na kan rana, ina ganin kamar wani zai riga mu zuwa wajen injin.

Ba wanda ya riga mu. A sansanin kamfanin da ke gefen Safana muka same shi ɗaure a kan katako, ga manyan motocin yashi jere, ga gangunan kwalta, ga leburori suna kwance rumfuna. Akawun da ke sayarwa ya sa naira dubu da ɗari biyu. Na yi tayi, ya yi fushi, na tafi, ya kira ni, muka daidaita a ɗari tara. Na dawo ina taƙama, na ce wa Yaya to an gama, sai a ɗora mu tafi. Makaniki ya dube ni kamar yadda ake duban yaron da ya ce zai auri wata gobe.

Nan na fara karatu. Abin da ake kira tabo wani ƙarfe ne a gefen injin, a naɗe kamar katantanwa. Hayaƙin da ke fita shi ke juya wata 'yar fanka a ciki, ita kuma ta danna iska cikin inji. Iska ta ƙaru, dole mai ya ƙaru, daga nan ƙarfin ke zuwa. To injin na gas ne, ba na fetur ba, saboda haka duk hanyar man motarmu ta tashi daga aiki. Aka sauke tanki aka wanke, abin da ya fito daga ciki ya isa a yi yaɓen ɗaki. Aka ce bututu ɗaya bai isa ba, sai biyu, ɗaya na kai mai, ɗaya na mayar da ragowa tanki. Aka ce filta ma biyu, ɗaya mai raba mai da ruwa, domin famfon injekta ba ya yafe ko ɗigo. Ga ɗan famfon hannu na cire iska. Ga salansa mai faɗi, don tsohon zai shaƙe shi. Ga babban batir, ga lagireto mai girma, ga kujerar inji da sai an yanka an yi sabuwar walda, ga faifan kuloci da bai dace da giyarmu ba sai da aka aika Katsina. Duk abin da makaniki ya ambata sai in shafa aljihuna. Kafin a gama, ƙananan kayan nan sun cinye fiye da naira ɗari uku, har agogon hannuna ya bi su.

Amma maganar da ta fi duka nauyi ba ta kuɗi ba ce. Ranar da aka ɗora injin, makaniki ya sa Yaya ya tsuguna gaban katantanwar nan, ya nuna masa wani siririn bututun baƙin mai. Ya ce fankar a kan mai take yawo, kuma da zarar an kashe inji man ya tsaya, ita kuwa tana ci gaba da gudu a bushe.

"Maigida, in ka buga mata wuta ka kashe, ka ƙone ta ke nan. Kuma babu irinta nan kusa, sai dai Ikko. In ka tsaya, ɗauke ƙafa, ka bar ta ta huce kamar tsawon alwala, sannan ka murɗe."

Yaya ya ce to. Ni na san wannan to ɗin. Bakinsa ne ya ce to, ƙafarsa ba ta wurin.

Zaman jiran kuloci ya fi turin mota wahala. Yaya mutum ne mai iya zama a inuwa ya yi shiru har la'asar. Ni kuwa na zagaye Safana har masu tebur suka fara gaishe ni da suna. Na ci tuwon dawa da miyar kuka wajen wata mai abinci kusa da tasha, na ci tsiren wani mahauci da ke zuba yaji kamar yana jin haushin mutum, na leƙa kasuwar hatsi na ga wake na shigowa a kan jakuna, na tuna namu na can yana jiran mota. Duk motar da ta tsaya daga wajen Katsina sai na ruga in ga ko saƙonmu ne.

Sai kuma matsalar gas ta taso. Gidan mai babu kusa, na kamfani kuma sun kwashe. Aka ce akwai mai injin niƙa a Zakka da ke ajiye ganga. Na hau bayan babur na tafi, ta cikin gonakin dawa da aka girbe da garken tumaki. Mutanen Zakka sun iya gaisuwa. Sai da na amsa lafiyar gida da ta gajiya da ta iyali da ta amfanin gona kafin a bar ni in faɗi abin da ya kawo ni, ni kuwa ina ta duban rana. Mai niƙa ya sayar mini da jarka biyu da tsada, yana rantsuwa man tas yake. Da muka tace shi da ƙyallen rawani a Safana, ruwa da tsatsar da suka rage sun kai rabin kwanon sha.

Da hantsi aka tayar da injin. Makaniki ya yi ta danna famfon hannu har kumfa ta daina fita, Yaya ya murɗa makulli, motar ta girgiza, ta kama. Da ya ɗan taka sai wani siririn fito ya taso daga katantanwar. Yaran unguwa suka ja da baya, wata tsohuwa mai wucewa ta yi a'uziyya, ta ce ba ta taɓa jin mota marar tarbiyya irin wannan ba.

Muka kama hanyar gida tare da makaniki, don ya ce sai ya ga yadda za ta yi da kaya. Motar ta zama wata daban. Tudun da muke hawa da giya ɗaya da addu'a, yanzu ta haye shi tana fito. Yaya har waƙa ya fara. Daɗin nan ne ya cuce mu, don muna isa Runka, mutanen tasha suka taso suna ɗaga hannu, ƙafar Yaya ta yi abin da ta saba. Ruri ɗaya, biyu, uku, makulli. Shiru ya sauka, amma a cikin shirun muna jin fankar na ci gaba da kuka ita kaɗai, tana raguwa a hankali.

Wallahi na ga shanun nan biyu sun gifta ta gabana. Makaniki ya sauka ya buɗe bonet, ya jira ƙarfen ya huce, ya kwance roba, ya sa yatsa ya girgiza fankar. Yaya na tsaye gefe, gumi na bin gemunsa. Can makaniki ya ɗago ya ce ta sha wannan karon, amma ba za ta sha na biyu ba. Daga nan aka sauya mini matsayi. Aka sa ni tsakiya, aka ce aikina ɗaya ne: duk inda za a tsaya, in riƙe gwiwar Yaya.

A Runka muka yi lodin dawa da fasinja. Da muka zo rafi, fasinjan da suka san motar ba su jira an ce musu komai ba, suka diro suka cire takalma suka jeru a baya. Motar ta ratsa yashin ta haye gaɓa ta bar su tsaye da hannuwa a miƙe. Sai da suka biyo mu da gudu. A nan ne na yi dariyar farko ta gaskiya tun fitarmu.

La'asar sakaliya muka shiga Wagini. Tun daga nesa na ji gwiwar Yaya ta yi tauri a hannuna. Muka tsaya a ƙofar gida. Na danne gwiwar da hannu biyu, tana motsi kamar akuyar da za a yanka, shi kuma ya kafe ido a kan zaure. Injin na ta ƙugi a hankali, baƙon sauti, ba ruri. Na so in sauka in sanar, amma makaniki ne a bakin ƙofa, ita kuma ƙofar daga waje take buɗewa. A garinmu kuwa kowa ya san abin da ake nufi in baƙuwar mota ta tsaya a ƙofar gida, injinta na aiki, ba wanda ya fito: labarin rasuwa aka kawo.

Ba a kawo ruwa ba. Inna ce ta fito da kanta, ba takalmi, mayafinta a karkace, tana dafa bangon zaure. Idonta ba ya gani da nisa yanzu. Ta tsaya ta kasa kunne ga injin da ba ta sani ba, sannan ta ɗaga murya ta kira sunan Yaya. Cikakken sunansa na yanka. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sa a bakinta ba.

Gwiwar ta saki a hannuna. Ya leƙa ta taga, ya ce, "Na'am, Inna. Ni ne."

Sai ta gyara mayafi, ta juya mana baya, ta ce wa bango, "A kai ruwa waje."

To abin da na koyo a tafiyar nan, ga mai shirin irin wannan aiki: kuɗin inji rabin magana ne, ka tanadi na bututu da filta da walda, ka tace manka ko wa ya sayar maka, ka kuma sani sauya inji ya fi sauya ƙafar direba sauƙi. Waken mutane ya isa kasuwa, tabon na nan lafiya. Yaya ya daina buga wuta. Yanzu in ya dawo sai ya zauna tsawon alwalar nan a mota, idonsa a kan zaure. Na ce masa ya daina sa ran Inna za ta sake kiran sunansa, sau ɗaya ake samun irin wannan. Ya ce ya sani, kuma ko shanu huɗu aka ce ya bayar, da bai yi tayi ba.