Rantsuwar da Aka Sa Kakata Ta Yi

Har yau idan na ji ana buga hatimi a kan tebur, dum, dum, sai in tuna wata rana guda. Wannan ƙarar ce ta cika ofishin da muka shiga a Khartum ni da kakata, kuma abin da ya faru a wurin ba zai bar raina ba har in koma ga Allah.

Lokacin mulkin soja ne. Na ci jarrabawar gama sakandare, jami'a ta ba ni gurbi, amma aka ce sai na kawo jinsiyya, wato takardar shaidar zama ɗan ƙasa. Ƙawayena Larabawa da safe suka je, kafin azahar sun dawo da tasu. Ni kuwa da aka ji sunan kakana sai aka ce in kawo babba daga dangin uba, ya shaida cewa asalinmu na nan ne. Mahaifina ya rasu tun ina goye. Baffana da nake zaune a gidansa aka ce bai isa shaida ba. Babbar da ta rage ita ce mahaifiyarsu, can wani ƙaramin gari a yankin Jazira.

A hannunta na tashi kafin a kawo ni Umdurman karatu. Ta tsinci auduga a gonakin wasu har bayanta ya ranƙwafa. Da asuba sautin tasbihinta ke tashe ni, da yamma ta zaunar da ni tana tsefe mini kai tana ba ni labarin mahaifinta, wanda ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa zai je Makka, guzuri ya ƙare masa a bakin kogi, ya zauna. Duk garin an san ba ta ƙarya ko da wasa. In mata biyu suka yi rigima, ita ake kira ta faɗi abin da ta gani.

Da ta iso, baffana ya zaunar da ita a tsakar gida ya shiga koya mata. "Inna, ki ce a nan aka haifi mahaifinki, haka ma na mijinki. Kada ki ambaci tafiyar Makka. Kuma don Allah ban da Hausa, Larabci zalla."

"To ni ina zan kai ubana?" ta tambaye shi.

"Ki ajiye shi a gida, gobe kawai. In ba haka ba yarinyar nan ta rasa jami'a."

Ta dube ni. Sannan ta ce, "'Yar nan, karatun nan kina son sa ƙwarai?" Na ce ina so, Kaka.

Washegari muka sauka a kasuwar Suk al-Arabi, muka taka zuwa ofishin. Jami'in da ke bayan teburin bai kai baffana shekaru ba, amma ko kujera bai nuna mata ba. Ya ce ta janye mayafinta, ya ƙura wa tsagen kumatunta ido kamar mai taya akuya a kasuwa. Sai ya juya ga abokin aikinsa yana dariya, ya ce, "Fallata ce, ka gani?" Haka suke kiran mu duka, masu asalin ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Ya dawo da fuskarsa gare ta, ya lanƙwasa murya ya ce da Hausa, "Sannu, sannu." Tarko ne. Matar da ko yaro ya gaishe ta sai ta amsa har da tambayar mutanen gida, ta tsaya shiru kamar ba ta taɓa jin kalmar ba.

"Ya hajja, a ina aka haifi ubanki?"

"A nan," ta ce da Larabci.

Ya turo Alƙur'ani gabanta da bayan hannu. "Rantse."

Ban san za a kai nan ba, baffana ma bai sani ba. Na buɗe baki zan ce a bari, sai ta matse mini yatsu da hannunta na hagu, ta ɗora na dama, ta rantse. Ya buga hatimi, ya ce na gaba.

Ina rubuta wannan cike da haushin jami'in nan. Wane ne shi? Me ya shuka a ƙasar nan da ya fi abin da ta shuka? Rigar da ke jikinsa ma, wa ya sani ko da audugar da ta tsinta aka saƙa ta? A ƙasar aka haife ta, a ciki ta binne miji da ɗa, amma sai da ta musanta ubanta kafin a yarda jikarta 'yar ƙasa ce. Kuma masu wannan aikin su ne kullum suke cika mana kunne da sunan addini a rediyo.

A mota baffana yana ta murna, yana cewa, "Inna, ashe kin iya!" Ta ce, "Yi mini shiru." Ko kwana ba ta ƙara ba, ta koma garinsu.

Na yi jami'a, na gama. Abin da ranar ta koya mini shi ne, mugun mulki ba ya tsayawa a kan cin zalin mutum, sai ya sa mutumin kirki ya saɓa wa kansa da hannunsa, sannan ya bar shi da nauyin.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a Kaka ta rasu. A zaman makoki wata maƙwabciyarta ta ja ni gefe ta faɗa mini abin da ta ɓoye mana. Tun da ta dawo daga Khartum ta ɗauki azumi wata biyu a jere, cikin tsananin zafi, har ta faɗi a gona aka kwaso ta. Limamin garin ya ce mata tilas aka yi mata, Allah Ya sani. Ta ce masa, "Ba wanda ya riƙe mini hannu, malam. Ni na ɗora shi." Daga wannan faɗuwar ba ta sake komawa gona ba.