Takardar Tashin da Malam Muhammad Nur Ya Ƙi Kaiwa

Shekara ashirin da bakwai, da hantsi ya ɗaga, mutanen Kazaure kan ga Malam Muhammad Nur bisa tsohon kekensa, yana zagaya gidajen hayar da masu su suka damƙa masa amana. Nan ya duba rufin da ke yoyo, can ya raba rigimar famfo. Tun wa'adin haya na saura wata uku yake zuwa da kansa, ya zauna a zaure ya tambayi ɗan haya ko zai sabunta ko zai tashi. Wanda ya zarce wa'adi kuwa, ko amininsa ne, sai ya biya hayar kwanakin da ya ƙara.

Abin da unguwa ba ta manta ba shi ne na Zulaikha. Mijinta, wani malamin makaranta ɗan Roni, ya rasu saura kwana ashirin wa'adin gidansu ya cika. Ga ta cikin takaba, ga 'ya'ya huɗu. Mamallakin gidan, Alhaji Daudu, ya riga ya yi wa wani ɗan kasuwar Babura alkawarinsa, sai ya miƙa wa Malam takardar tashi ya kai mata.

Malam ya karanta, ya mayar masa. "Alhaji, yarjejeniya ta ba ka gaskiya. Amma baiwar Allah nan Ubangiji ne ya zaunar da ita. Hannuna ba zai kai wannan ba sai ta fita takaba."

Alhaji ya ce in haka ne, a kawo masa makullan sauran gidajensa biyar. Kafin azahar Malam ya kai, alhali da ladan gidajen nan yake ciyar da iyalinsa. Da labari ya bazu, duk dillalin da aka nema sai ya ji kunyar ɗaukar takardar. Zulaikha ta gama takabarta a ɗakinta, wanta Hamma na biyan hayar wata-wata, sannan ta kwashe kayanta cikin mutunci. Gidajen ba su dawo hannun Malam ba, kuma bai taɓa faɗa mata ba.

Bana idonsa ya yi rauni, ya ajiye aiki.

Malam, kai ne ka tsare haƙƙin mai gida ba tare da ka tozarta ɗan haya ba. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku kuma masu riƙe da makullan mutane, ga shi nan da ransa. Ku je ku koyi yadda ake sallama a ƙofar ɗan haya.